Ciwon Cikin Da Ba A Sayen Maganinsa A Kemis

Iyaye, ba kowane ciwon ciki ba ne olsa ko taifod. A farkon babban hanji, ƙasan ciki ta dama, akwai wata 'yar jaka mai kama da yatsa, tsawonta kusan santimita 9. Ita ce afendis. Idan bakinta ya toshe, sai ta kumbura ta tara mugunya. Hakan ya fi samun 'yan shekara 10 zuwa 30.

Ciwon yakan fara ne a cibiya, cikin awa 12 zuwa 24 ya gangaro dama, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi, ga ƙin abinci. Tari ko gargadar hanya na ƙara tsananta shi.

Idan kun ga haka, kada ku ba yaro maganin wankin ciki, kada ku gasa masa ciki da ruwan zafi, kada ku tsaya gwada magungunan kemis. Ku dakatar da abinci, ku nufi asibitin da ake tiyata. Afendis na iya fashewa cikin kwana 2 zuwa 3, mugunyar ta bazu a ciki. Idan ciwon ya lafa farat ɗaya, kada ku saki jiki, wani lokaci fashewar ce.

Cire ta ba ya rage wa mutum komai. Allah Ya ƙara mana lafiya.