Doka a Dajin Doka

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi yamma, ya wuce Buruku da Udawa ya doshi Birnin Gwari, in dai mai lura ne, ya ga wani itace da ya rinjayi sauran itatuwan wannan daji, wanda kan fid da sabon ganye jawur tun ruwa bai sauka ba, har matafiyi ya yi zaton wuta ce ke ci daga nesa. Sunansa doka. Da masanan tsirrai na Turai suka zo raɗa masa suna irin nasu na Latin, sai suka bar masa na Hausa, ya zama Isoberlinia doka a littattafan duniya. A rubuce sunan nan ɗaya yake da dokar da hukuma ke kafawa, karin murya kaɗai ya raba su, kuma na daɗe ina tunanin yadda aka yi a wannan daji dokar itace ta yi yawa haka, ta hukuma kuwa ba ta kama kowa sai mai alƙalami.

A shekarar 1936 aka keɓe wannan yanki ya zama gandun daji na En'e, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita kamar 1,120, wanda kogin Mariga ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Masu binciken da suka shige shi a lokacin zaman lafiya sun rubuta giwa da gwanki da kanki da mazo da gadu, da rema a kan duwatsu, da tsuntsaye iri fiye da 170, har da burtu. A shekarar da aka ɗaukaka shi aka kafa doka mai lamba 46 ta gandayen dajin ƙasa, wadda ta hana kowa ɗaukar wani abu mai rai daga cikinsu don neman amfanin da ke cikin ƙwayar halittarsa sai da rubutaccen izinin Minista. A 2009 aka ƙara wasu ƙa'idoji na raba amfanin da aka samu daga irin wannan bincike, a 2010 kuma ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya kan haka a Nagoya ta ƙasar Japan. Sa'an nan, da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta, hukumar gandayen ta sanar da cewa ta dakatar da bincike a Kamuku da Kainji da kuma gandun yankin Tafkin Chadi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu cewa a sakar wa masana mara su yi abin da suka ga dama, domin ilmi, ko da yake haske ne, yana hannun 'yan Adam, su kuwa suna da son zuciya da gaggawa da kwaɗayin suna. Magabata sun san haka. A shekarar 931 Miladiyya, da labari ya kai ga Halifa Muƙtadir cewa wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai ya umarci muhtasibin Bagadaza da ya hana kowa aikin likita sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi ijaza, aka ce waɗanda aka jarraba sun haura 800. Mu kuwa ba sai mun je Bagadaza neman hujja ba, ga Kano nan kusa. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ke ɗibar rayuka dubbai a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara 200, aka ba rabinsu sabon, rabi kuma wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye da yawa kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a a gida da Amurka, a 2009 kuma aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin da kuɗi bai biya ba shi ne amana, don kuwa da aka zo rigakafin shan inna a 2003, mutane da yawa suka ƙi, kuma cikin dalilan da suka riƙa kawowa har da wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sai a 2007 kwamitin ƙasa mai kula da ladubban binciken lafiya ya fito da kundin ƙa'idojinsa, bayan ɓarna ta riga ta auku.

Akwai kuma wani haƙƙi, wanda ya fi shafar daji kai tsaye, shi ne haƙƙin mai sani na farko. Wani likita ɗan ƙasar Sikotland, Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa ya buga a 1916, a 1937 kuma ya fito da babban littafi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, wanda har yau masu haɗa magunguna ke komawa gare shi. Aiki ne mai albarka, ba na rage masa komai. Amma itacen nan da muke kira hano, wasu su ce ararraɓi, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna jiƙa ɓawonsa, yau sunansa a duniya Boswellia dalzielii, maharba da wanzamai da ungozomomin da ilmin ya fito daga bakinsu kuwa babu itacen da ke ɗauke da sunan ɗayansu. A zaurukan malamanmu wannan aibi ne babba, gama ɗalibi ba ya ruwaito karatu sai ya ambaci wanda ya ba shi, shi ma daga wa ya karɓa, har silsila ta kai ga mai littafi. In isnadi ya yanke, ruwaya ta raunana. Dokar raba amfani, in an fahimce ta da kyau, isnadi ne da aka haɗa masa da ladan aiki, don kada a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun ma taɓa gwada wannan a ƙasar nan, ya yiwu. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi na maganin amosanin jini daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta rubuta yarjejeniya da shi, ta sa sunansa cikin masu haƙƙin ƙirƙira, aka fito da maganin Niprisan. Cikin abubuwa huɗu da aka haɗa shi da su, uku duk wata 'yar koli a kasuwar Birnin Gwari ta san su: masoro, da kanumfari, da karan dafi. Daga baya kamfanin da aka ba izinin sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu, amma wannan wata magana ce daban.

To, in hukuma na da haƙƙin sa ido, ina kukana? Kukana shi ne, wannan doka ba ta aiki sai a kan wanda ya kawo kansa. Ɗalibin da ke neman digiri a Zariya ko Kaduna, mai son ya ƙirga itatuwa ko ya ɗebi ganye cikin jaka ya kai ɗakin gwaji, shi ne zai karɓi takarda daga sashensa, ya rubuta wa hukuma, ya biya kuɗin izini daga aljihun da ba kome cikinsa, ya zauna jiran amsa damina na wucewa, alhali furen da yake son gani ba ya jiran sa hannun kowa. A ƙarshe kuma a ce masa an rufe ƙofa saboda tsaro. A daidai wannan lokaci, mai injin yankan katako bai rubuta wa kowa wasiƙa ba, mai toya gawayi bai cika wata takarda ba, mai haƙar zinariya ya yi ramuka ya tafi ya bar su buɗe, ɗan bindiga kuma ya kafa sansani a inda mai gadin daji ba ya iya takawa. Itacen madobiya, wanda tun 2017 aka sa shi cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, an yi ta lodinsa daga dazuzzukan Nijeriya zuwa ƙasar Sin har aka dakatar da ƙasar nan daga fitar da shi. An bar jaki ana dukan taiki. Sakamakon haka shi ne hukuma ta hana kanta gani, domin mutumin da zai gaya mata yawan abin da aka sare, da abin da ya saura, shi ne wanda ta tsayar a bakin ƙofa.

Maganar zinariya ita ta fi tayar mini da hankali. Ƙasar Birnin Gwari tana kan jerin duwatsun nan masu zinariya da suka ratsa Zamfara da Neja, an kuwa haƙe ta a wajen Tsohon Birnin Gwari tun zamanin Turawa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen da ake dakawa a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasar da suke rarrafe, su sa hannu a baka. Waɗanda suka fara ankara kuwa likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa ne, da suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka tafi. Ba kowane dutse mai zinariya ne ke ɗauke da dalma mai yawa ba, kuma ido ba ya rarrabe wannan da wancan, awo kaɗai ke rarrabewa. Ga kuma zaiba da masu wankin zinariya ke ƙonawa, wadda hayaƙinta ke shiga huhu, ragowarta ta bi ruwa ta shiga kifi. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kowa kuwa ya san diga ba ta huta ba a tsakanin. Hani da baki ba ya auna jinin yaro ko ɗaya.

A fahimtata, izini ƙulla alkawari ne tsakanin ɓangare biyu, kamar kowane aƙadi a fiƙihu. Malaman da suka yi magana kan hurumin da shugaba ke keɓewa sun shardanta ya kasance don maslahar jama'a, ba don ya rufe wuri ya juya baya ba. In hukuma ta ce ba mai shiga Kamuku da abin awo sai da yardarta, to ta ɗauki nauyin abubuwan da ke biye da wannan magana: ta sa wa amsa wa'adi, wata guda ko biyu, kada takarda ta kwana shekara a kan tebur, ta yafe wa ɗaliban gida kuɗin izini, ta ɗora shi kan kamfanonin da ke neman riba, ta ba mai bincike rakiya a inda ake iya zuwa, maimakon a rufe daji mai faɗin haka gaba ɗaya da kalma guda. A nasa ɓangaren, mai bincike ya fara da gaisuwa a fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, da hakimi da dagaci, ya bayyana wa mutanen gari, Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani, abin da ya kawo shi da harshen da suke ji, ya rubuta sunan wanda ya nuna masa saiwa in mai sunan ya yarda. In ya gama kuma, wannan shi na fi nacewa a kai, kada a ɗauke shi ya cika sharaɗi sai ya dawo da taƙaitaccen sakamako da Hausa, an ajiye kofe a Birnin Gwari, an karanta a gaban waɗanda aka ɗebi ƙasar gonarsu ko ruwan rijiyarsu. Littattafan digiri nawa ne aka rubuta a kan wannan yanki suna can ƙura ta rufe su a ɗakunan karatu na jami'o'i, manomin da aka yi wa tambayoyi bai taɓa jin amsar ko ɗaya ba?

Na san za a ce mini rai ya fi bincike, kuma gaskiya ne. Jami'in da ya hana ɗalibi shiga inda za a sace shi bai yi laifi ba, ni ma da ɗana ne da na hana shi. Sai dai dakatarwa saboda larura tana da hukuncin larura, ana ƙaddara ta gwargwadon buƙata, in sababi ya gushe ita ma ta gushe. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, motoci suka koma bin hanya, manoma suka koma gonakin da suka bari. Ko mutum ya gamsu da sulhun ko yana da shakka a kansa, hanyar da tirelar masara da ta gawayi suka bi, motar masu awo ma za ta iya bi. Ba sai an kutsa har Goron Dutse ko Dogon Ruwa da ke can cikin gandun a ranar farko ba. A fara da abin da ke kusa da titi: rijiyoyi da tsakar gidajen ƙauyukan da ake dakan dutse, da jinin yaran da ba su kai shekara biyar ba, da yardar iyayensu bayan an yi musu bayani filla-filla. Sa'an nan a zauna da tsofaffin maharba da masu gadin dajin da suka yi ritaya, waɗanda suka san mashayar giwaye da hanyar da suke bi su ƙetare Mariga, a rubuta abin da ke bakinsu da sunayensu tun suna da rai, don in ranar ƙirga ta zo a san inda za a nemi sawu.