Kafin yaro ya rubuta < ko >, a tambaye shi da me ya auna

Malamai ƴan'uwana da iyayen yara, akwai alamomi uku da muke koya wa ɗalibai tun ƙananan azuzuwan firamare: <, > da =. Sau da yawa abin da yaro ke komawa gida da shi bai wuce "bakin yana buɗewa wajen babbar lamba" ba. A ganina muna yi wa wannan darasi riƙon sakainar kashi, kuma hujjata daga wurin masu rubuta manhajar kwamfuta na samo ta.

Alamomin nan sun kwana biyu. Alamar = ta fito a littafin Robert Recorde a 1557, < da > kuma a littafin Thomas Harriot da aka buga a 1631. Duk da haka masu manhaja sun ga ba su wadatar ba. In ana son kwamfuta ta jera ɗalibai bisa makinsu, sai ta riƙa ɗaukar su biyu-biyu tana tambaya: wannan ya fi, ya gaza, ko daidai suke? Tsofaffin alamomin kuwa "e" ko "a'a" kawai suke amsawa. Shi ya sa aka ƙirƙiro <=>, wadda ake wa laƙabi da kumbo saboda siffarta. Harsunan manhaja na Perl da Ruby sun daɗe da ita. PHP ya karɓe ta a siga ta 7, a Disambar 2015: tana ba da -1 in na hagu ya gaza, 0 in daidai suke, 1 in ya fi.

A harshen C++ sai da aka zauna aka yi nazari. Herb Sutter ya gabatar da shawarar a 2017, ta shiga ƙa'idar C++20 da aka buga a 2020. Abin da ya ja hankalina shi ne an raba kwatanci gida uku. Na farko, in abu biyu suka zo daidai, ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya. Na biyu, matsayinsu ɗaya a jeri amma kowa da halinsa, wato kama da wane ba wane ba ne. Na uku ya yarda da wata amsa ta huɗu: waɗannan biyun ba su kwatantuwa.

Duk ukun muna da su a gida. Tiyar gero da tiyar wake a kasuwar Tahoua daidai suke a awo, amma a je wajen kuɗi a ji. Tiyar gero da kamu biyar na igiya fa, wanne ya fi? Babu amsa sai an faɗi ma'auni. Yara biyu da suka samu 12 bisa 20 matsayinsu ɗaya a aji, alhali ɗaya lissafi ne ya ɗaga shi, ɗayan Faransanci.

Wani zai ce, ina ruwan ɗalibin ƙauyen Keita ko Bouza, da ajinsa ko lantarki babu, da C++? Wannan darasi ba ya buƙatar kwamfuta. Tsakuwa, tiya da igiya sun isa. Yaron da ya saba tambayar ma'auni, ko ya je Jami'ar Djibo Hamani ya karanci manhaja ko ya zama mai sayen albasa, ba za a ruɗe shi da lamba ba.

Saboda haka ina ba malamai shawara: kafin yaro ya zana alama a allo, ya faɗi da bakinsa, da Hausa, me ya fi me, kuma ta wane fanni. A riƙa saka tambayoyin da amsarsu ita ce "ba a iya kwatanta su", a ba da maki ga wanda ya gane haka. Makarantun horar da malamai su ma su sa wannan cikin darasin koyar da lissafi.

Ku kuma iyaye, in takardar sakamako ta zo, kada tambaya ta tsaya kan "na nawa ka zo?" Ku duba darasi ɗaya bayan ɗaya, ku ga inda yaro ya ƙaru da inda yake buƙatar taimako, kafin ku auna shi da ɗan maƙwabci.