Jiki Magayi: Wa Ke Biyan Bashin Da Manya Suka Ci?

Daga cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar 1933, babu wanda ya kai Jiki Magayi ɗaci. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ba mu dariya, Ganɗoki na Bello Kagara ya ba mu jarumta, shi kuwa wannan ɗan littafi na John Tafida da Rupert East tambaya ya ajiye mana: idan manya suka yi ɓarna, a kan wa take sauka?

Labarin gajere ne. Abubakar da Zainab suna son juna, sai attajiri Malam Shehu, wanda bai taɓa samun haihuwa ba, ya shiga tsakani da ƙarfin dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha baƙar wuya kafin ya samu. Da ya dawo bai taɓa Malam Shehu ba, ɗan da aka haifa masa, Kyauta, shi ya yi wa sammu. Yaro ya tashi gawurtaccen ɓarawo, daga bisani ya kashe mahaifinsa da hannunsa, bai san shi ne ba.

Sunan littafin kansa hukunci ne. Kalmar "magayi" ƙirar "manomi" da "maƙeri" gare ta, wato mai aikin gaya wa mutum magana. Abin da kunne ya ƙi ji, jiki ne zai isar da shi.

Wani zai ce ai Malam Shehu aure ya yi, ba sata ba. Amma Musulunci ya hana nema a kan neman wani, kuma ɗaurin aure ba ya goge haƙƙin wanda aka zalunta. Abubakar ma yana da hujjarsa, tunda an cuce shi, sai dai ya ɗauki fansa a kan jaririn da bai ci nanin ba. Kowannensu yana da uzurin da zai faɗa a gaban jama'a, amma uzurin bai hana jini zuba ba.

Akwai kuma masu cewa tunda asiri ne ya juya Kyauta, littafin ƙaddara yake koyarwa, ba alhaki ba. Ban yarda da wannan fassara ba. Asirin bai faɗo daga sama ba, mutum ne ya yi tattaki ya nemo shi da gangan. A ganina, sammun misali ne na duk abin da babba zai zuba a rayuwar yaro don biyan buƙatar kansa.

A nan ne littafin ya shafe mu. Ɗan siyasar da ya tara samari ya ba su ƙwaya da makami don zaɓe, sammu ya yi musu. Uban da ya saki mace cikin fushi ya watsar da 'ya'yanta a titi, shi ma haka. Jami'in da ya cinye kuɗin gyaran makarantar firamare, shi ma haka. Bayan shekaru, yaran nan su ne za su tare hanya, kuma kamar Kyauta, ba za su tsaya tantance fuskar wanda ke gabansu ba. Sa'annan mu taru a zauren taro muna cewa tarbiyya ta lalace, kamar ita ta lalata kanta.

Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Jiki Magayi ya ƙara mana da cewa kafin kwikwiyon ya iso ga mai shi, sai ya ciji marasa laifi a hanya. Saboda haka ina kira ga malamai su daina koyar da littafin nan don cin jarrabawa kawai, mu kuma manya mu sake karanta shi, kowa ya tambayi kansa wane Kyauta yake renowa.