Tausayin da Ke Kashe Hannu

Babu abin da ya sosa mini rai a wannan mako kamar wata dubiya da na je, inda na iske dattijon da ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun kafin azumi, an shimfiɗe shi a ƙuryar ɗaki, ana ba shi abinci a baki, ana yi masa alwala, alhali kuwa ba a taɓa kai shi sashen gashi na asibiti ba, domin a ganin iyalinsa motsa majinyaci rashin imani ne.

Masu bibiyar wannan fili sun san yadda na daɗe ina kuka da hawan jini, wanda muke wa riƙon sakainar kashi, mu sha magani mako guda mu ajiye, sa'an nan idan musiba ta auku mu ɗora wa iska da sammu. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa shi ne babban sababin cutar shanyewar ɓarin jiki a wurinmu.

Amma mas'alar yau ita ce abin da ke biyo baya. Allah cikin hikimarsa ya halicci ƙwaƙwalwa ta yadda, idan jini ya yanke wa wani sashe nata, sassan da suka tsira suna iya koyon aikinsa, bisa sharaɗin a yi ta maimaita motsi, musamman a watanni uku zuwa shida na farko. Masani Edward Taub na Amurka ya lura cewa hannun da aka daina amfani da shi, ko da akwai sauran ƙarfi a cikinsa, jiki yakan saba da rashinsa. Kuma a kan wannan hujja aka yi wani gwaji da majinyata 222, aka wallafa a 2006, inda aka rufe wa wasunsu lafiyayyen hannu har mako biyu, aka tilasta musu aiki da raunannen, wanda dama yana ɗan motsi, sai ga shi bayan shekara guda sun fi sauran iya sarrafa shi. Mu kuwa kishiyar haka muke yi, muna kiransa jinƙai!

Na san kuɗin mota da na asibiti nauyi ne, na kuma san gaggawar tayar da majinyaci a ranar farko tana da illa, shi ya sa masani ne ya kamata ya tsara aikin. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana neman magani ba.

Wanda ba ni yi wa uzuri shi ne mai mulki. Tun 1966 Jami'ar Ibadan ta fara koyar da fannin gashi, amma har yau mutumin karkara sai ya niƙo gari zuwa babban birni kafin ya ga likitan gashi. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su ɗauki waɗannan ma'aikata, su tura su asibitocin ƙananan hukumomi, su kuma biya su haƙƙinsu a kan kari.