Martani: Dokar Hana Fita Ba Ta Sulhunta Gidan Sarauta

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce nazarin al'adun jama'a aikin 'yan jami'a ne kawai, wai soja da dokar hana fita sun isa su kashe wutar Bawku. Ban yarda ba.

Dubi Yendi. A watan Maris 2002 aka kashe sarkin Dagomba, Ya-Na Yakubu Andani II, a fadar Gbewaa. An jibge sojoji, an kafa hukumar bincike, an je kotu, amma gidan Abudu da gidan Andani suka ci gaba da gaba. Sai da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Osei Tutu II ya bi al'adar Dagomba, wadda ta ce ba a naɗa sabon Ya-Na sai an kammala makokin wanda ya gabata. Aka yi na Mahamadu Abdulai IV na gidan Abudu, aka yi na Yakubu Andani, sannan a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari II.

Rikicin Kusasi da Mamprusi a Bawku ma kan sarauta ne da asalin mallakar ƙasa. Duk mai son raba su, dole ya fara sanin yadda kowane ɓangare ke ba da tarihinsa, ya zauna da tsofaffinsu. Bindiga ba ta san wannan ba, Malam.