Diyyar Ma'aikaci Da Duban Likita Daga Nesa

A shekarar 2010 aka zartar da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Dokar ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, gwamnati da kamfanoni, su zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya kowane wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga cikinsa ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya nakasa a bakin aikinsa.

To, amma diyya ba ta fita sai da shaidar likita, domin shi ke faɗin girman raunin da kuma ko mutum zai iya komawa aiki. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, da shekara ɗaya ya shigar da buƙatarsa. Ƙwararrun likitocin ƙashi kuwa sun taru ne a manyan birane, a asibitoci irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas. Lebura da ya karye a ƙauye, ga ciwo ga rashin kuɗin mota, yana iya haƙura ya bar haƙƙinsa.

Saboda haka dabarar duba majinyaci daga nesa, inda likita ke ganin mutum yana yi masa tambayoyi ta wayar bidiyo, abin marhabin ce. An jarraba ta a wasu ƙasashe. Da cutar korona ta hana zirga-zirga a 2020, jihar Kalifoniya ta Amurka ta yarda likitocin tantance diyya su duba ma'aikata ta wannan hanya, bisa sharaɗin cewa binciken ba ya buƙatar sa hannu a jikin majinyaci. Wannan sharaɗi shi ne abin da ya kamata Nijeriya ta riƙe.

Jin tarihin hatsari, da karanta hoton ƙashi da aka aiko, da bin sawun mai jinya bayan an sallame shi, duka za su yiwu daga nesa. Amma auna ƙarfin damƙar hannu, da gane iyakar inda gwiwa ke lanƙwasuwa, da gano inda jijiya ta mutu, sai likita ya taɓa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin kaɗai bai isa ba. A kan wannan awo ake yanke yawan diyya, kuma kuskure kaɗan yana iya tauye abincin iyali na shekaru.

Akwai kuma batun sirri. Likita ba ya ganin wanda ke tsaye a bayan waya. Ma'aikacin da aka zaunar a ofishin manaja ba zai saki jiki ya faɗi ciwonsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, kuma wajibi ne a bi ta.

Don haka ya kamata hukumar NSITF da majalisar likitoci ta ƙasa su fito da ƙa'ida a rubuce. A yi duban a asibiti mafi kusa da ma'aikaci, da jami'in lafiya a gefensa, ba a harabar kamfani ba. Kada a yi shi sai da yardar ma'aikacin. Hukuncin nakasa ta dindindin kuma a bar shi sai likita ya duba mutum ido da ido, asusun ya ɗauki kuɗin tafiyar. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa ido, kada neman sauƙin aiki ya zama hanyar rage wa mai rauni haƙƙinsa.