Shayar Gaggawa a Ƙasar Haɗeja: Ruwa, Kunya da Harshe

A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya akwai wata shaya da ake kafawa ba don wankan tsabta ba, sai don ranar da asid ko soda ya zube wa mutum a jiki. Ƙa'idar Amurka mai lamba ANSI Z358.1, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa wanda abin ya shafa ya iya isa gare ta cikin daƙiƙa 10, ta kuma zubo lita 76 a kowane minti har minti 15. Ruwan ya kasance tsakanin digiri 16 da 38 a ma'aunin Salshiyas. A kunna ta kowane mako, a yi mata cikakken bincike duk shekara. Ra'ayina shi ne, a ƙasar Haɗeja wannan na'ura ba za ta ceci kowa ba sai an fassara ƙa'idar zuwa yanayinmu da harshenmu, kuma manazarta Hausa na da kaso a wannan aiki.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibai na ta'ammali da sinadarai a Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga kuma ɗakunan awo na asibitoci da makarantun sakandare.

Mu fara da ruwa. Lita 76 sau 15 ya kama lita 1,140, wato sama da jarka 45 mai cin lita 25. Kogin Haɗeja na kusa, fadamu sun kewaye gari, amma ruwan kogi ba shi ne ruwan famfo ba. Inda aka dogara da rijiyar burtsatse, tanki ba ya cika sai da wuta ko man janareta. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, tankin roba da ke rana kuwa ya fi haka ɗumi, alhali ruwan zafi kan ƙara wa sinadari ƙarfin cin fata. Da damina, musamman shekarar ambaliya irin 2022, laka da ƙazanta kan gurɓata rijiyoyi. Ruwan da ya daɗe kwance a bututu yana tara tsatsa da ƙwayoyin cuta. Gwajin mako-mako ne ke tona waɗannan duka: a ja mariƙi, a tara bokiti, a auna yawan ruwan, a taɓa zafinsa, a rubuta rana da sunan mai gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kunya. Ƙa'idar ceto ita ce a tuɓe tufafin da sinadari ya jiƙa yayin da ruwa ke zuba. Wace ɗaliba ce za ta cire hijabi a gaban maza 'yan ajinsu? Jinkirin da za ta yi shi ne lokacin da asid ke ci. Labule da zanen canji a kusa da shayar ba ado ba ne. Su ne za su sa ta tsaya minti 15 ɗin. Dole gwajin mako ya haɗa da su.

Na uku shi ne harshe. Mai shara da masinja da mai wankin kwalabe su ma suna taɓa sinadarai, sau da yawa kafin malami ya iso, kuma da Hausa suke tunani. Allon da aka rubuta da Ingilishi bai yi magana da su ba. Hausar da ta samar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006 ba za ta gaza wajen raɗa wa wannan na'ura suna ba. Ina ba da shawarar "shayar gaggawa", da umarni gajere cikin boko da ajami: ja mariƙi, tuɓe rigar, tsaya cikin ruwa minti 15, a kira likita.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa su zauna da sassan kimiyya su daidaita waɗannan kalmomi, hukumomin makarantu kuma su ɗora gwajin a wuyan mutum guda sananne. Abin da ba shi da suna a bakin jama'a, da wuya ya sami mai kula.